Jarumar da Ba Ta Gudu

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin yayata ba sanda ba. Shan inna ne ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana goye. A gida Kafiya ake kiran ta, sunan da Baba ya laƙaba mata ranar da ta ƙi yarda a ɗauke ta a hau da ita benen makaranta, ta hau da kanta tana dafa bango, ta isa aji an kusa tashi.

A shagon buga takardu take aiki, wani dogon ɗaki a ƙasan bene mai warin tawada da zafin inji. Ita ke tsara katin gayyata da kalanda da allon talla. Idan kasuwa ta yi sanyi sai ta buɗe wasan kwamfuta, irin wanda ake ba ka jarumi ka yi ta yawo da shi gari gari, kana faɗa da dodanni kana tara makamai. Tana son wasannin, amma ba ta daina mita. Ta ce jaruman duk kamar an ɗaura musu inji a ƙafa, mutum ya haye dutse da gudu ko haki ba ya yi. Rannan ta ce za ta yi nata, muka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ta koya daga bidiyoyin kyauta, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke ruri idan ta ɗau zafi, har sai an ɗora ta a kan bulo biyu ta sha iska. Babu halin ɗaukar mai zane ko mai kiɗa, don haka mu ta kama. Mijinta, mai gyaran firji, shi ya yi muryar dodanni gaba ɗaya, yana cusa kai a cikin bokiti. Ni na yi sarauniya da mai sayar da kifi da wata tsuntsuwa mai gulma. Ƙarar takobi kuwa murfin tukunya ne da cokali.

Ba zan ɓoye ba, wasan ya fito da aibu a jiki. Duk mazan garin fuskarsu ɗaya, ta mai shagonsu, hula ce kawai ke canzawa. Akwai gadar da idan ka taka gefenta na dama sai ka zurma ƙarƙashin duniya, ka yi ta faɗuwa ba iyaka. Dodon kogo yana tari a tsakiyar barazana, saboda mura mijinta yake yi ranar. Kiɗa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe.

Amma jarumar daban ce. Maƙeriya ce mai gurguwar ƙafa da sandar ƙarfe, kuma ba ta gudu ko me ya biyo ta. Dole ka tsaya ka karanci wuri kafin faɗa: ina za ka jingina, ina ne santsi, ta ina dodo zai ɓullo. Sandar ita ce makami, ita ce kuma ƙafa. Idan ka jefa ta ka sami dodo, to ka tsaya ba madafa har ka rarrafa ka ɗauko. Ni da ban damu da wasa ba sai da na kasa ajiye shi.

Da ta saka shi a intanet, an ɗau lokaci babu wanda ya kula. Sai wani mai sharhin wasanni ya yi bidiyo a kansa. Ya faɗa ta gadar yana dariya har da hawaye, ya kwaikwayi tarin dodo, sannan ya nutsu ya ce ya daɗe bai ga faɗan da ke sa mutum tunani kamar wannan ba. Ya rufe da cewa abu ɗaya ya rage, a sa maɓallin gudu. Mutane suka yo ca, rabi suna yabo, rabi suna neman gudu.

A cikin wannan hayaniyar wata mata daga wani ƙaramin kamfanin wasanni ta kira ta a bidiyo. Ina zaune a gefe a falon Yaya, ina jin komai. Matar ba ta da laifi, ta buga wasan har ƙarshe, ta san sunan kowane kogo. Ta ce za su sake zane, su kawo masu kiɗa da masu murya na gaske, su kai wasan kasuwa. Sharaɗinsu ɗaya: a farkon labari maƙeriyar ta tsinci wani takalmin tsafi da zai warkar da ƙafar, don masu saye ba su da haƙurin tafiyar hawainiya.

Yaya ta gode mata, ta ce zanen da kiɗan da muryoyin duk ta yarda sun cancanci shara, a kwashe. Sannan ta ce, “Amma ƙafar ba kuskure ba ce. Ita ce wasan. Idan kun warkar da ita, me kuka saya?”

Matar ta ce ta yi tunani tukuna. Yaya ta ce ta riga ta yi.

Bayan an kashe waya ni na fara faɗa. Na ce mata dama ce ta barin wannan shagon mai zafi, kuma wasa ne fa, ba ita ba ce a ciki. Mijinta ya sa baki a hankali, ya ce ko takalmin ya zama zaɓi, mai so ya ɗauka. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“Tun ina yarinya kowa da takalmin da yake kawo min,” in ji ta. “Mai addu’a, mai magani, mai tausayi. Na gode. A nan wurin dai ni ce da iko, kuma ba za ta gudu ba.”

Na yi fushi na kwana biyu ban leƙa gidanta ba. Kamfanin bai sake kira ba. Masu neman gudu suka watse, suka bar mata baƙaƙen maganganu a shafin, ta karanta su tas ba ta goge ko ɗaya ba.

A cikinsu ta tsinci ƙorafin da ta ce gaskiya ne. Tafiyar da ke tsakanin gari da gari ta yi tsawo, kuma babu komai a hanyar sai ciyawa. Ta ce wannan ragwancinta ne, ba laifin ƙafa ba. Ta zauna ta ƙirƙiro wani mai amalanke da ke ɗaukar maƙeriyar, amma sai ka jira shi a bakin hanya, ga shi da surutu, yana ba ka labarin surukansa har ku isa. Waɗanda suka rage a wasan, ’yan kaɗan ne, sun fi son sa a kan kowa.

Har yanzu tana shagon, tana tsara kalanda. Har yanzu ina ganin da ta sassauta da ta huta, kuma nakan gaya mata. Takan ce in ja kujera in zauna, akwai wata mayya a kashi na biyu na wasan da ke neman murya, kuma tawa ta dace.