Mai Zaɓen Goro a Zango

Matar nan ba ta amsa gaisuwa idan hannunta na cikin goro, kuma ba ta yin kamar ba ta ji ba. Sai ta ɗago, ta dube ka, ta koma aikinta. Lariya ake kiranta a rumfar goro ta Zangon Kumasi. Gajeriya ce, haƙoranta ja wur, yatsunta sun rine har farce. Tsagen fuskarta ba irin na nan ba ne. Wataƙila tun watsewar kasuwar Salaga ta gangaro Kumasi, ba ta da komai sai wannan sana'a.

Tana juya kowane goro a tafin hannu, ta matsa, ta jefa dama ko hagu. Umoru, falken da ya ɗauke ta aikin, sai kai-komo yake, don jirgin ƙasa mai zuwa Sekondi ba ya jiran kowa.

"Inna, a ɗaure huhun haka nan mana. Kwando ɗaya ya rage."

"Ɗaure da hannunka, ɗana. Amma kada ka ce ni na zaɓa."

Ya fasa, domin a Ikko, wato Legas, inda za a kai goron ta ruwa daga Sekondi, sunanta ake tambaya kafin a taya. Ta ɓare wani jan goro mai kyan gani, ta miƙa masa har hanci. Sankara, cutar goro, ta cinye cikinsa, da ya shiga huhu da ya harbi sauran a hanya.

Umoru ya tsuguna ya fara shimfiɗa ganye da kansa.

"Idan kun isa," in ji ta, "kada ku bar mai saye ya duba sama kawai. Ku ce ya tona har ƙasa."