Kififiyar da Baffa Ya Huda

Akwai warin da har yau ba na iya tsayawa kusa da shi, warin kofato ko ƙaho a wuta. In na bi ta layin mahauta a kasuwar Malumfashi na tarar ana babbakar ƙafar saniya, sai in toshe hanci da mayafi in ƙara sauri. Abokan tafiya kan ɗauka ƙyanƙyami ne. Haushi ne kawai, kuma haushin ya girmi 'ya'yana duka. Zan gaya maka inda na samo shi, in ka ga dama ka yi dariya, an sha yi mini.

Na tashi a wani ƙauye da ke kan hanyar Danja, a babban gida na gandu. Mahaifina yana aiki a wurin gurzar auduga a Funtua, sai ya sami sarari yake leƙo mu, saboda haka gidan yana hannun yayansa, Baffa. Kakata, wadda muke kira Iya, ita ta haife su, kuma ɗakinta yana daf da rijiyar tsakar gida. Kullum tana bakin ƙofa a kan 'yar tabarma, tana kaɗi da mazari, tana ganin duk mai shiga da mai fita.

Wata damina, ina 'yar firamare, na bi mahaifiyata, Inna, fadama cirar ciyawa a cikin shinkafa. A bakin wata kunya na ga wani abu kamar ɗan dutse yana tafiya. Kififiya ce, ƙarama ƙwarai, ba ta cika tafin hannuna ba, ƙoƙon bayanta ma bai yi ƙwari ba, in ka danna sai ya ɗan lotsa. Na ƙulle ta a bakin zane na kawo gida. Iya ta ba ni wani tsohon kasko, na zuba ruwan fadama, na sa dutse a tsakiya don ta riƙa hawa shan hantsi, na ajiye a gindin lemon da ke bayan ɗakinmu.

Ci gare ta kamar gara. Su tana, su fara, da ƙwarin da ke faɗowa daga lemo, duk abin da na jefa sai ta miƙo ɗan wuyan nan ta cafke, ta sa ƙafafun gaba tana yagewa. Har ta san inuwata. In na sunkuya a kan kaskon sai ta taso saman ruwa tana wutsil-wutsil, in wani ne sai ta nutse. A gidan da yara suka yi yawa, kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana, ko ɗankunne sai an karɓa an ara wa wata. Kififiyar nan kaɗai ce abin da kowa ya yarda nawa ne.

Da ruwa ya ɗauke aka fara yankan dawa, sai ta tsiri fita. In na dawo makaranta sai in tarar kaskon wayam, in bi sawunta in same ta ta nufi kwatar da ke fita bayan gida. Wata rana Baffa ne ya tsince ta a bakin zaure. Ya juya ta a hannu, ya duba ciki da baya, ya ce ai wannan rabon gida ne. Rijiyarmu ta fara ƙwari, kuma tun kakanni an san in aka sa kififiya a rijiya tana cinye ƙwarin, ruwa ya yi garau. Ya ce a bar ta ta ɗan tasa, kuma kada wanda ya fitar da ita daga gidan.

Baffa mutum ne da ya yarda da igiya. Akuya da turke, jaki da dabaibayi, kaza mai 'ya'ya ma sai ya ɗaure mata ƙafa. Ya ce mahaifinsu ya taɓa kiwon kunkuru shekara da shekaru, an huda gefen ƙoƙonsa an zura igiya, bai taɓa ɓata ba. Wancan kunkurun tudu ne, ƙato, mai ƙoƙo kamar turmi. Ban san yadda zan faɗi haka ba a lokacin, na dai san tawa ba ta kai a yi mata haka ba. Ya aika aka kawo basilla, ya cusa a garwashin murhun Inna har ta yi ja, ya danne kififiyar da tafin ƙafa a kan dutsen wanki.

Warin nan ya tashi. Ta fiddo wuya iya tsawonsa, bakinta a buɗe, ba sauti. Jini ya ɗan tsattsafo a bakin hujin. Ina kuka ina riƙe masa riga, ya ture hannuna ya ce, "Ke, ƙoƙo ne, kamar farce yake, ba ta ji." Ya zura zaren buhu, ya ƙulla, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin lemon, ya kaɗe hannu ya koma zaure wurin audugarsa.

Daga ranar ta daina ci.

Babu abin da ban gwada ba. Na haƙo tana a gindin randa, na gutsura ƙanana na kai mata har baki, ta kau da kai. Na kamo fara na cire ƙafafu da fukafukai. Ranar kasuwa Inna ta yanko mini 'yar hanta a ɓoye, na jefa, ta jiƙe ta yi fari a ruwa ba a taɓa ba. Da safe sanyi ya fara sauka, sai in roƙi ruwan ɗumi in sirka mata, in ja kaskon zuwa inda rana ke faɗowa iya inda zaren ya kai. Bakin hujin ya yi fari ya fara taushi, Inna ta shafa mata man shanu. Idanunta suka kumbura suka rufe. Ta hau dutsen nan ta zauna, ƙafafu a sake, in na ɗauke ta sai in ji ba nauyi. A aji malam yana karatu, ni ina tunanin ko zan tarar da ita da rai.

Iya ce ta kira ni wata la'asar, ta ce in kwanto kififiyar in kawo ta gani. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ƙawata, ba abinci take nema ba. Wannan lokacin irinsu laka suke shiga su kwanta, sai ruwa ya dawo. Fitar da take yi, gida take nema. A tsinke zaren nan a kai ta gindin kududdufin fadama, laka ta fi man shanu."

Na ce to ta gaya wa Baffa, tun da shi ya hana a fita da ita. Iya ta dube ni kamar na zage ta.

Baffa ɗan farinta ne. Ka san kunyar ɗan fari, amma ta Iya ta wuce misali. Ba ta faɗin sunansa, ba ta faɗin sunan duk mai irin sunansa, ba ta kallon fuskarsa. In ya zo gaishe ta da safe sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ita ta juya kai gefe ta amsa wa bango. In tana son ya san wani abu sai ta ce a gaya wa mutumin zauren nan. Mutanen ƙauye suna yabonta a kan haka, ana kawo ta misali ga amare. Duk gidan mutum ɗaya ce ta san abin da kififiyar ke buƙata, mutum ɗaya ce kuma Baffa ba zai iya musa wa ba, kuma ita ce ba ta magana da shi.

Ta ba Inna saƙon. Inna kuwa ba ta haɗa ido da yayan miji, sai ta kai wa matarsa. Matar ta ce za ta faɗa masa in ta ga ransa a sake. Auduga ba ta yi kyau ba a shekarar, ran Baffa bai saki ba, saƙon ya kwanta a ɗakinta. Na koma wurin Iya ina kuka, na ce taku kaɗan ne daga nan zuwa zaure. Ta ci gaba da murza mazarinta ta ce, "Ni da bakina? Allah ya kiyaye."

Na taɓa kwance kififiyar na gwada fita da ita a cikin ƙwarya, na rufa tsumma. Ƙofar gidan ɗaya ce, kuma Baffa yana zaune a cikinta. Ya ɗaga tsumman, ya nuna mini hanyar cikin gida da sandarsa.

Sai wata safiya, bayan na ɗora ta a rana ta ji ɗumi, ido ɗaya ya buɗe. Na miƙa mata guntun tana a kan tsinke. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo wuya a hankali ta kama. Loma ɗaya tak. Na ruga tsakar gida ina faɗa wa kowa ta ci. Yaro ne zai ga haka ya yi shiru? Ban ga laifina ba, kuma har gobe ba zan gani ba. Baffa ya ji, ya shigo, ya ce madalla, ta warke ke nan, dama shagwaɓa ce ta yi mata yawa, a rijiya za ta nemi abincinta da kanta. Ya kwance zaren daga lemo, ya ƙara masa tsawo, ya zura ta ciki, ya ɗaure a itacen bakin rijiya.

Iya tana zaune, ba nisa. Na ga hannunta ya tsaya. Ta ɗaga murya ta ce wa iska, "Mai rauni dai ba a kai shi ruwan sanyi." Baffa ya sunkuyar da kai don ladabi, tun da ba da shi ake ba, ya gama ƙullinsa ya fita. Uwa ta kiyaye kunyarta, ɗa ya kiyaye ladabinsa, ba wanda ya yi abin da za a zarge shi.

Rijiyar tana da zurfi, bangonta sumul, babu inda za ta dafa ta huta, rana kuma ba ta kai wa ƙasa. Na ɗauko madubin Inna ina haska ciki. Ina hango ta, ɗan baƙin abu, tana zagaya gefe tana kartar bango. Na zura guga ko za ta hau, ba ta gane ba. Washegari da na ga ba kowa na kama zaren na fara ja a hankali. Na ji nauyinta, sannan na ji sakayau. Abin da ya iso hannuna ƙulli ne da ɗan ɓallin ƙoƙo a jikinsa, hujin ya yage. Na leƙa, ban ƙara ganinta a saman ruwa ba.

Ba a daɗe ba ruwan ya fara wari. Aka daina sha, aka kira masu yasar rijiya, mata suka yi ta jido daga maƙwabta ana tsaka da aikin girbi, kowa yana tsaki. Kuma ka san abin da aka ce? Abin wasan yarinya ya ɓata mana rijiya. Wanda ya huda, wanda ya zura, ba a ambace shi ba. Wadda ta tsinko zare ita ce mai laifi. Inna, da ta san komai, ta kama kunnena ta kai ni zaure ta ce in durƙusa in ba Baffa haƙuri. Na durƙusa. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri." Ya ce, "Ba komai, yarinta ce." An ce babba juji ne, amma a gidanmu ranar a kaina aka zubar da sharar. Wannan durƙuson ya fi mutuwar kififiyar tsaya mini a rai.

Iya ta kira ni daga baya ta ba ni ƙuli-ƙuli. Ban karɓa ba. Ina sonta, na yi kuka sosai da ta rasu, ina yi mata addu'a, amma ba zan yi maka ƙarya in ce na huce ba. Ta fi kowa sanin gaskiya, ta zaɓi a ce tana da kunya.

Yanzu an cike rijiyar, famfo ake zuwa a bakin masallaci. Fadamar ta koma gonar rake da tumatir, yaran gidan ba su san kififiya ba sai a waya. Baffa ya tsufa, ido ya yi rauni, amma yana nan a zaurensa. Na tabbata ko an tuna masa ba zai tuna ba.

Da sallar da ta wuce na kai yara gaishe shi. Babban ɗana, ɗan farina, ya kama wani ɗan akuya yana ja da kunne, dabbar tana kuka. Daga inda nake na kira shi da cikakken sunansa, na ce ya sake shi yanzu. Baffa ya girgiza kai ya ce, "Zamani ya lalace. Uwa tana kiran ɗan fari gatsau a gaban mutane. Mu tamu uwar har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini yi ko bari ba." Da alfahari ya faɗa.

Na ce, "Na sani, Baffa. Ina wurin."

Yaron bai saki kunnen ba tukuna, sai na sake kiran sunansa, da ƙarfi fiye da na farko.