Zuciyar Zomo a Zauren Baba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Dakta Sabi'u, likitan dabbobi. Bana ne na fi jin rashinsa, domin ruwan ƙarshen damina ya daki dawata tana yashe a gona, kuma tsoro nake ji.

Yaya yana kiwon zomaye a ɗakin gwaje-gwaje na makarantar da yake koyarwa, daga rumbunmu na Makoda yake ɗibar musu dawa da harawa. Wata shekara zomayen suka dinga mutuwa. Da ya feɗe su, sai ya tarar fumfuna ta ci naman zuciyarsu. Ya bi diddigi, ashe rumbunmu ne ya yi yoyo.

Ranar Juma'a ya iso gida da zuciyar zomo ɗaya cikin kwalba, ya dire ta gaban Baba a zaure, ya ce a ƙone dawar duka. Kafin la'asar gari ya ɗauka wai ɗan boko ya shigo da asiri.

Baba ya ce shi ba zai tashi gaban Allah da alhakin ƙona abinci ba. A shanya, a sheƙe, abin da ya yi baƙi a bayar sadaka. Ban taɓa ganin Yaya ya musa wa Baba ba sai ranar. Ya ce, "Baba, ban ce tana kashe mutum ba, ban sani ba. Amma ba zan gwada a kan Inna ba, balle marayun maƙwabta."

Baba ya daɗe bai gafarta masa ba. Amma da hannunsa ya ƙyasta ashanar, kuma Yaya ne ya ciyar da gidan har kaka.

Da yana raye, me zai ce da mu yau? Jiya na zura hannu cikin damin dawata, na jiyo ɗumi da warin nan da na sani. Wani dillali ya ce in cakuɗa da mai kyau, a kasuwar Dawanau wa zai tona? Gidana kuwa baki ya yi yawa, 'ya'yan Yaya ma a hannuna suke, kuma babu wani Sabi'u da zai ciyar da mu.

Bai bar gida ko gona ba, Allah Ya jiƙansa. Maganar nan tasa ce ta hana ni sakat. Da safen nan na sa aka fitar da dammunan bayan gari. 'Yarsa Zainabu ce ta miƙo min ashana.