Sawun da Eusebio Ya Goge

Shekara goma sha ɗaya Eusebio Carratalá ya yi yana buga tanis a matsayin sana'a, amma in ka fita daga garinsu Gandia da wuya ka sami wanda ya san sunansa. Ɗan manomin lemu ne, bahago, gajere kakkaura. Ba shi da wani bugu na ban tsoro, sai naci: duk ƙwallon da ka aika masa sai ta dawo maka. Iyakar inda ya taka shi ne na ɗari biyu da sha huɗu a duniya, matsayin da mutum ke yawo a jirgin ƙasa yana wanke safarsa da hannunsa.

Burinsa ɗaya ne tal, bai kuma ɓoye ba: ya shiga babbar gasar Barcelona ko da sau ɗaya ne. Sau shida yana zuwa wasannin share fage, sau shida ana sallamo shi. A na bakwai yana da shekara ashirin da tara, likita ya riga ya duba gwiwarsa ya ce daga bana sai haƙuri.

Sai ga shi ya kai wasan ƙarshe na share fagen, da wani dogon ɗan Ajantina. Awa uku suna abu ɗaya cikin rana. A turmi na uku, maki ɗaya ya rage wa Eusebio ya ci wasa. Dogon ya lafta ƙwallo can ƙurya, mai lura da layi ya ɗaga murya ya ce ta fita.

A filin jar ƙasa ƙwallo tana barin sawu. Al'adar waɗanda suka tashi a kansa kuwa, in an ce ta fita, kai kuma ka ga sawun ya taɓa layi, ba ka jiran alƙali ya sauko daga kujera. Ƙafa za ka sa ka goge, makin ya zama na abokin karawarka. Eusebio ya sunkuya, ya ga sawu ya ci gefen farin layin, ya goge. 'Yan kallo, waɗanda ba su cika ɗari ba, suka yi ta tafa masa. Bayan minti ashirin gwiwa ta ce ba da ita ba, dogon ya cinye wasa.

Da kaka ya rataye raket, ya koma Gandia yana koya wa 'yan fansho da matansu tanis. Labarin ya riga shi isa gari, ko'ina sai a nuna shi a ce ga mai gaskiya. Shi ma, ba sai an faɗa ba, yana jin daɗin abin. Da shi ya yi ta lallashin kansa har shekara goma sha biyar.

Tsohon kocinsa, Ximo Bataller, mutum ne mai baƙar magana, amma bai taɓa tofa komai a kan wannan rana ba. Sai wata Lahadi a gidan Eusebio, an sauke faffaɗan kaskon shinkafa da naman zomo, kowa da cokalinsa, wani suruki ya sake ɗauko labarin a gaban baƙi. Ximo bai ɗago ba, ƙanzo yake kankara.

"Baba Ximo, kai ba ka cewa komai?" in ji Eusebio.

"In ce me? Gaskiya kam kana da ita. Ido ne babu."

"Kamar yaya?"

"Sawun da ka goge ba nata ba ne, na bugun baya ne. Nata yana gefe, ya fita da yatsa biyu cur. Daidai wurin nake zaune."

Wani baƙo ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye.

"Haba, Baba! Ka gani, ka yi shiru?"

"Kafin in miƙe ka riga ka ba shi maki, jama'a na ta tafi. Daga baya kuma na ga abin ya yi maka daɗi."

"To yau fa? Me ya sa yau?"

"Na gaji da jin labarin ne. Miƙo min lemon tsami."

Eusebio ya miƙa masa. Ya ajiye cokalinsa. Ashe tun ranar shi ne ya ci wasan.