Kafin Hannu Ya Taɓa Saniya

Kawu Mode ƙanen mahaifiyata ne. Da kiwo ya tashi a wani ƙauye bayan Shagari, kuma ya iya gane saniya mai ciwo tun daga tafiyarta. Bara 'yan bindiga suka kore masa garke da rana tsaka, yana tsaye yana kallo. Saniya ɗaya ta tsira, Wule, domin ran nan tana gida da ciwon kofato. Da ita ya taho Boɗinga, ya ɗaure ta a bayan gidanmu, ya samu aikin gadi a rumbun albasar wani mutum mai suna Lawali.

A rumfar Lawali ya koyi wasan. Wata irin karta ce mai hotunan dabbobi da dodanni, Lawali ya tsinto ta a cikin dilar gwanjo. Kowa yakan jera dabbobinsa a gabansa su kara da na abokin wasa. A ciki akwai kati ɗaya da ake tsoro: wanda ya buga shi zai ɗauke dabbar abokinsa ta koma tasa. Dokokin da Turanci suke, ni kuwa na gama jami'a ina zaune ba aiki, sai suka mai da ni alƙalinsu.

Duk ran da aka buga wa Kawu wannan kati, sai ya ɗora hannuwa a gwiwa ya yi tsit har a ɗauke dabbar.

"Mode, ka yi magana mana!" in ji Lawali. "Ko kai da ɓarawo kun yi yarjejeniya?"

"Mi zan ce? Ya riga ya ɗauka."

Na bayyana masa cewa bai ɗauka ba tukuna. Tsakanin buga katin da taɓa dabbar akwai ɗan lokaci, kuma na mai dabba ne. In yana da katin kariya, ya buga. In ba shi da shi, doka ta ba shi damar ya kashe dabbarsa da kansa, ɓarawo ya tashi hannu banza. Amma da zarar hannu ya taɓa ta, magana ta ƙare.

"Ni in kashe tawa?"

"Haka suka rubuta, Kawu."

"To wa yac ci?"

"Babu wanda ya ci."

Lawali ya yi dariya ya ce wannan dokar mugunta ce ta Bature. Kawu bai yi dariya ba.

Da damina ta matso, wani maƙwabcinsa na ƙauye ya zo da saƙo. 'Yan bindigar dajin sun ce sun san saura saniya ɗaya. In yana son ya yi noma bana, ya kai ta. Gonarsa ta ƙauye ita ce abincin matarsa da 'ya'yansa da ya baro can. Amma kowa ya san wanda ya kai ɗaya za a sake aiko masa. Sayar da ita ma ba mafita ba ce, domin suna da masu kai musu labari a kasuwa. Ga harawa ta ƙare, Wule ta rame, ba ya iya fita da ita ko bakin gari.

Wata safiya ya kira ni bayan gida. Na tarar da mahauci yana wasa wuƙa.

"Ɗana, riƙe min ƙafar baya," in ji Kawu.

"Kawu, dokar karta ce fa na faɗa maka. Wasa ne."

"Na sani. Riƙe dai."

Na riƙe. Ita ba ta yi gardama ba, ta saba da hannunsa. Kawu ne ya yi bisimilla, shi ya yanka. Ya raba naman ga unguwa, bai ci ko tsoka ba. Har yau ina tuna yadda ƙafar ta yi ta shure-shure a hannuna.

Kafin labari ya isa daji, ya aika a ɗauko iyalinsa a mota, da 'yan tukwanensu. Yanzu suna cikin ɗaki ɗaya a gidanmu. An yi ruwan shuka makon jiya, ƙauye kowa ya fita da sungumi. Kawu yana rumbun albasa, yana juya ta kada ta ruɓe.