Jujin Inna

A ƙuryar gidanmu na Daura, bayan turken awaki, akwai juji. Ba irin na bakin titi ba, wannan na mahaifiyata ne, kuma tana ji da shi kamar yadda wasu matan ke ji da kwanukan jerensu. Tokar murhu, kashin awaki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, sharar tsakar gida, duk can suke tafiya. Kafin shekara ta zagayo ya ruɓe ya yi baƙi ƙirin.

Duk bazara wani dattijo manomi daga wani ƙauye a wajen Zango yake zuwa da jakunansa ya kwashe zuwa gona. Mu yara muna ce masa Baba mai jakuna. Ba saye yake yi ba, ba a ma taɓa yin maganar ba. Idan kaka ta yi sai ya aiko wa Inna da damin gero. Yakan tsuguna ya damƙi takin ya murza, ya ce, "Hajiya, naki ko ba ruwa sai ya yi tsiro." Inna daga bayan ƙofa ta ce, "Kai dai, Malam, da zuga." Amma ranar har dare fuskarta a sake take.

A shekarun da aka fara shari'a, lokacin rediyo ba shi da zance sai nata, leda ta ci gidanmu da yaƙi. Da can da kwano ake aikenmu sayen ƙosai, da kwalba ake auno man gyaɗa. Sai ga shi gishiri a leda, barkono a leda, manja a leda, ruwan sha ma a leda. Wanda ya share tsakar gida ya kai juji kamar yadda aka saba, ba wanda ya yi tunanin komai.

Wata bazara Baba ya zo, ya tsuguna, ya tura hannu. Da ya zaro, baƙar leda ce ta biyo yatsunsa. Ya sake turawa a wani gefen, ta fiya wata ta fito. Ya daɗe a tsugune.

"Hajiya, bara sai da muka yi ta tsince ta a kunya. Inda ta kwanta, gero ba ya fita."

Mangala ɗaya ya cika don kara, ya yi sallama ya tafi.

Daga ranar Inna ta tayar mana da hankali. Ta rataye buhu a jikin garu, ta ce duk ledar da ta shigo gidan nan a ciki za ta kwana. Masu kyau ta wanke ta shanya a igiya, ta mayar wa mai kayan miyan unguwa. Ta koma aikenmu da kwano, masu shago suna mana dariya. Da la'asar ta ɗauki kujera 'yar tsugune ta zauna gaban juji, tana tonawa da tsohon ludayi tana zare leda ɗaya bayan ɗaya. Matan makwabta suka sa mata suna mai wankin leda. Ni kaina haushi nake ji, don wa zai so a ce uwarsa tana tonon shara?

Bazara ta dawo, Baba bai zo ba. Muka ji wai ya koma takin zamani. Na ce, "Inna, a aika masa mana ya zo ya gani."

"Ke, rufa mini baki. In aika in ce a zo a kwashe mini shara? Mai so ya san hanya."

Haka ta ci gaba da tsinta, jujin yana tudu, ni kuma aure ya ɗauke ni zuwa Katsina. Duk zuwan da na yi gida sai na tarar da buhun nan a rataye.

Da Allah ya yi mata rasuwa, Baba ya zo ta'aziyya, ya tsufa ƙwarai. Zai fita sai idonsa ya kai ƙurya. Ya je ya tsuguna da ƙyar, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya murza. Ya sake a wani gefen. Ko ƙyallin leda babu.

"'Yata, ashe ta gyara shi? Don Allah me ya hana a gaya mini?"

Kuka kawai na yi. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta yi zafi, don tafiya zuwa ƙauyensu ba ta fi ta ɗan acaɓa ɗaya ba.

Ya kwashe takin tas a bazarar nan. Da kaka dami ya iso, zangarniya cike, irin wanda muka daɗe ba mu gani ba. Muka ce a yi mata sadaka da shi. Aka surfa aka daka, aka yi fura. Na ce a raba a kwanuka, matan unguwa suka ce yanzu wa ke da lokacin bin kwano gida gida, suka ƙulla a leda.

Washegari na ɗauki tsintsiya na nufi ƙurya. Iska ta riga ta tara ledojin furar a gurbin jujin. Na jawo kujerarta na zauna na fara tsincewa.