Ranar da Na Kai Yaya Sani Marylebone

Croydon

Ana idar da asuba muka fita zuwa wurin mai koyar da magana a unguwar Marylebone, ina riƙe da hannunsa na dama da har yanzu bai dawo daidai ba. Yaya Sani direban bas ne a Denmark shekara da shekaru. Ziyara ya kawo mana, shanyewar ɓarin jiki ta same shi a falona. Da ya farfaɗo, Hausa ta ɓace daga bakinsa, sai guntayen yaren Denmark da babu mai ji a gidan. Hajiyarmu kuwa daga Kano ta rantse yau sai ta ji muryar ɗanta, ta gaji da "yana barci". Ga hawan jini tana fama da shi. Wallahi tsoron wayar nan ya hana ni karyawa.

Cikin jirgi

Jirgin ƙasa ya sauke mu tashar Victoria, muka gangara tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Cunkoso ba a magana. Wata 'yar Ghana ta tashi ta ba shi kujera.

"Zauna, Baba. Allah shi ba ka lafiya."

Ya buɗe baki zai gode, abin ya ƙi fita. Na kau da kai.

Marylebone

Mai koyar da maganar wata dattijuwa ce 'yar Denmark, da ƙyar na samo ta. Ta ce mutanensu liƙa kalmomi suke yi, biyu ko uku su zama ɗaya zungureriya, don haka sai an yanka ta kamar rake. Ta ɗora hannunsa na hagu a tebur, kowace gaɓar kalma bugu ɗaya. Sygehus, wato asibiti: syge ciwo, hus gida. Ya buga, sy, ge, hus. Ta kawo busstoppested, tashar bas, kalmar da ya tsufa yana faɗa. Ya kai rabi ya maƙale, gumi na keto masa.

Na ce, "Hausar fa, za ta dawo?"

Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba.

Gida

Duk hanyar dawowa yana bugun gwiwarsa, leɓensa na motsi. Muna shiga bayan la'asar waya ta ɗau ƙara, Hajiya ce.

Maigidana ya ce, "Ki yi rejecting kawai, a ce mata network ne."

Yaya ya miƙo hannu. Na amsa kiran, na ajiye masa wayar a tebur.

"Sani? Kai ne?"

Ya bugi tebur. "Ha." Ya sake. "Ji." Ya daɗe, har na rufe ido. "Ya."

Can muka ji ta ja numfashi.

"Na'am, ɗan nan. Dama na san ba barci kake ba. Bi a hankali, ba inda za ni."

Alhamdulillahi da ya dawo da mu lafiya. Ita kuma baiwar Allah mai tebur, ban san da wane baki zan gode mata ba.